Tumfafiyar Bakin Burtali

A gabas da Ɗanzomo, inda gonarmu ta ƙare
burtali ya fara,
akwai wata tumfafiya da na gada
tare da gonar, da bashin taki, da tsohuwar fartanya.

Babana ya sare ta. Ni ma na sare ta.
Na tona rami har gwiwa ina bin saiwarta
kamar mai haƙon gafiya,
ta nutse ƙasa, ta bar ni da guntu a hannu
da farin nono mai manne yatsu.
Kafin maimai ta fito da kai uku,
tana kaɗa mini ganye: sannu da aikin jiya.

Na zuba mata toka da zafinta. Na kunna mata kara.
Tanimu mai maganin feshi ya sayar mini da kwalba,
ya rantse ko kirikiri ba ya tashi.
Wakena kunya biyu ya ƙone.
Ita kuwa ta yi kwana tara rawaya, kamar mai shawara,
ta miƙe ta fi da lafiya.

In bazara ta tsananta, guga na dawowa da laka,
duk faɗin karkarar nan ita da gawo ne kore.
Gawo ana shan inuwarsa, ana sa masa albarka,
ita sai harara.
Akuya ta shinshina ta wuce.
Gara ba ta son itacenta.
Farar da ke kwana a jikinta ko yara ba sa kamawa,
ta kwashi ɗacin mai masaukinta ta yi ajiya.

Ran wata Laraba jikata Ladidi ta kawo mini fura.
Ƙwallon tumfafiyar ya bushe, ya tsage,
audugar ciki tana leƙen duniya.
Ta tsinko, ta cika kumatu.
Na ce kul! Ina, ta riga ta hura.
Sai ga su sun tashi, farare, kowace da ɗan baƙin iri a ƙafa,
ba guzuri, ba sallama, ba tambayar hanya.
Wasu gonar Barau, wasu maƙabarta,
wasu tsagar bangon firamare,
wata ta hau bayan tunkiya.
Ni ina ƙirga noman shekara goma,
yarinya tana tafi tana dariya.

Da dare barci ya ƙi.
Na shiga ƙirga nawa irin.
Gambo yana Agadas, shekara huɗu sai murya a waya.
Hansatu tana Maigatari da injin markaɗe.
Ɗanlami yana gefen Abuja yana sayar da shayi,
sau uku ana rushe masa rumfa,
sau uku yana tsince kusoshin daga ƙasa,
ya miƙe su da dutse, ya sake kafawa kafin asuba.
Can ma, in ji shi, kallon ciyawa ake musu.
Wa ya shuka su? Ba kowa.
Iska ce ta ɗauka, inda ta ajiye nan ne gida,
sai a kafa saiwa, a yi ɗaci kaɗan don kada a cinye ka ɗanye,
a jira ruwa, a tsaya.

Kada a ce mun shirya.
Da safe na bi kunyoyi na cire ƙananan guda goma sha bakwai,
don gero gero ne, ciki ba ya jin misali.
Tsohuwar dai na sari sanda biyu a jikinta
na gyara jinkar rumbu,
na bar mata sauran. Ta zubo nono, ta yi shiru.

Na san zan riga ta kwanciya.
Na ga irin da ya nufi maƙabarta, na ga inda ya sauka.
In damina ta zagayo kuka ga ganye biyu masu toka-toka
sun fito daidai kaina,
Ladidi, gaya musu in ji ni:
kada a kawo fartanya.