Wutsiya Kawai

A Reine, inda teku ke gatsar duwatsu,
Torleif na shanya kifi a ragar katako.
Kullum da safe ya ƙirga, kullum da giɓi.

'Yarsa Ingunn ta aiko da kyamara daga birni,
'yar mitsitsiya, idon kaza mai doguwar igiya.
"Baba, kafa ta a taga, ka buɗe manhajar,
duk abin da ya motsa sai ta kama shi."

Daren farko ta kama duniya duka.
Ƙanƙara ta sauko, ta ɗauka.
Fitilar jirgin ruwa ta lashi bango, ta ɗauka.
Gizo-gizo ya ratsa gilashi
ya zama dodo na minti arba'in.
Bidiyo dubu da ɗari uku,
rumbun kwamfuta ya ce ya ƙoshi.
Kifi biyu sun tafi, babu shaida.

Ya rage mata kaifin ido.
Sai ta koma mai gadin da ya ci tuwo ya yi nak:
ko shi da ya yi mata rawa da tsintsiya
ba ta ce ta gan shi ba.

Dare na uku, kwamfutar ce ta yi barci.
Na huɗu, agogonta ya ce tsakar rana ce
alhali taurari na kallo.
Ya zage ta, ya hura wa igiyar iska,
ya cire, ya mayar, ya sha kofi mai sanyi.

Sai ya zana mata iyaka da yatsa:
bar sama, bar teku, bar tutar maƙwabci,
nan kaɗai, ƙarƙashin raga.

Da asuba, bidiyo ɗaya tak.
Wutsiya.
Ja, mai farin baki, tana ficewa daga hoto.
Kafin ido ya farka, ɓarawo ya yi sallama.

"Ce mata ta riƙe daƙiƙa biyar na baya,"
in ji Ingunn, tana hamma a waya.
Ashe na'ura ma sai an koya mata tuna jiya.

Ranar Laraba ya gan ta sosai:
dila ce, ƙafa uku, haƙarƙari a waje,
ta yi tsalle sau shida kafin ta samu.

Ya kalla. Ya mayar baya. Ya sake kalla.

Da yamma ya kwance kifi ɗaya
ya ɗaure shi ƙasa-ƙasa,
daidai inda ba sai an yi tsalle ba.
Kyamarar kuwa, ya bar ta a kunne.