Takardun Litinin

Tun da sanyin Jos ya shiga ƙashin Sagir
likita ya ce ya zauna gida,
ni ce aji, ni ce ƙararrawa.

Kowace Litinin ina firamaren Gangare,
Malam Tanimu ya miƙo takardar mako
da hatiminta:
lissafin rabawa, kogunan ƙasa,
Juma'a a dawo da amsa.

Maman Nanret ta bayan katangarmu
ba ta karɓar takardar kowa.
'Yarta a Farin Gada ta koyi ƙirga
da buhunan dankali.
Na ce, wa zai ba ta satifiket?
Ta yi dariya, ta ci gaba da ɓarar masara.

Daren Laraba ciwon ya tashi.
Ina gasa masa gwiwa da ruwan zafi
yana tambaya
me ya lanƙwasa jininsa kamar lauje.
Babu wannan a takardar Malam.
Na juya bayanta na zana masa.

Haka na mayar ran Juma'a,
gaba wayam, baya cike.
Malam ya daɗe yana kallo,
jan biro a hannu,
ya rasa inda zai sa maki.