Kujerar Matuƙi

Blažena ta ce ɗakin girki na warin fenti.
Na ce ai na buɗe taga.
Ta ce, "Otakar, dusar ƙanƙara ke sauka,
rufe mini taga, ka matsar da tarkacenka."
Na ja jaridar da na shimfiɗa zuwa bakin teburi,
ni da jirgina muka raɓe.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina jan tarago a titunan Brno,
ƙarfe bisa ƙarfe, ba dama ba hagu.
Sama kuwa sau ɗaya na taɓa hawa,
kaina a jakar takarda har muka sauka.
Yau ga jirage goma sha tara a kan kantata,
babbansu bai wuce tafin hannu biyu ba.

Wannan ya zo a kwali, gutsure saba'in da shida,
roba mai launin toka, kowanne maƙale da reshensa.
In yanke da reza, in goge da samfefa,
in ɗiga gam da bakin allura, in riƙe numfashi.

Kujerar matuƙi ba ta kai ƙwayar wake ba.
Dare huɗu na ba ta.
Na shafa mata kore, na zana ɗamara,
na ɗiga azurfa a inda ake ɗaurewa,
na yi wa agogunan gaba hannaye da silin gashi.
Sannan na haɗa ɓari biyu na gangar jirgi,
suka rufe a kanta ruf.
Blažena ta ce, "To wa zai gani?"
Na ce, "Na dai san tana ciki."

Ran Talata sandar tuƙi ta kuɓuce wa hantsaki,
tsul, ta yi sama, darduma ta haɗiye.
Na yi rarrafe da tocila har gwiwa ta yi ƙara,
na samo maɓalli, da ɓawon gyaɗa, da gashin kyanwa.
Ran Juma'a na gan ta a faranti kusa da kofina.
Ba ta ce komai ba, ni ma na sha shayina.

Da fenti ya bushe sai na hau tsofar da shi:
baƙin hayaƙi a bayan inji,
ƙujewa a gindin fiffike, inda takalma ke takawa,
laka kaɗan a taya, ta filin da ban taɓa zuwa ba.
Ta ce, "Ka sayi sabo da kuɗinka kana tsofarwa.
Juyo ka dube ni, kyauta aka yi mini."

Bana hannun dama ya fara gardama.
In na ce tsaya, sai ya ce rawa.
Tambarin fiffike na jiƙa a ruwan ɗumi,
ya zame daga takarda, siriri kamar yanar ido,
na kai shi, ya naɗe, ya yage biyu.
Saura guda a kwali.
Na zauna ina kallon yatsuna kamar na aro.

Ta sauke ludayi. Ta goge hannu.
Ta ɗauki tabarauna ta ɗora a kan nata.
Hannun da ya yi shekara ashirin yana ƙulla zare a masaƙa
ya ɗauki tambarin da jiƙaƙƙen burushi,
ya kwantar da shi kamar jariri.

Ya ɗan karkace.
Na gani, na haɗiye.

Ta ce, "Miƙo tocilar nan."
Ta kanne ido ɗaya, ta leƙa ta murfin gilas,
ta daɗe tana leƙe.
"Har da ɗamara," in ji ta.
A bayanmu miya ta kama, taga na buɗe,
ba wanda ya tashi.