Zaren da Aka Ɗinka Mu

Sau uku ina warware rigar Tasalla,
ina zargin almakashina.
Kafaɗar dama ta ɗara ta hagu
da faɗin yatsu biyu.

Tun tana yarinya take lanƙwasa babban yatsa
har ya taɓa tsintsiyar hannu,
yaran Kumo suna tafa mata.
Ni ma na iya. Inna ma, Allah jiƙanta.

A Gombe likita ta ɗaga hoto ga fitila:
ƙashin baya ya karkace kamar rafi.
Ta ce zaren da ke riƙe gaɓoɓi ne sako-sako.
Ta saurari zuciya, ta haska ido,
sannan ta dube ni: "Mama, saura ke."

Daren nan na hau keke.
Na yanka rigar yadda bayanta ya so.