Faifan da Gara Ta Ci Sunansa

A ƙasan akwatin Kawu Tanimu na same shi,
tsakanin takardun fansho da wata hular sanyi.
Gara ta riga ni, ta cinye sunan makaɗan,
ta bar mini hoton kifi riƙe da makulli a baki,
da wata shekara da ko auren iyayena ba a ɗaura ba.

Iliya mai gyaran rediyo a Sabon Gari
ya kwana tara yana cigiyar allura.
Ran da garmaho ya farfaɗo muka tura ƙyauren shago,
muka ɗora shayi, muka zauna shari'a.

Fuskar farko kiɗa guda ne, minti ashirin da ɗoriya.
Iliya ya ce, "Wannan ai tafiya ce,
daga Kwangila zuwa Samaru a ƙafa."
Sarewa ce ta buɗe, siririya kamar hayaƙin murhun asuba,
fiyano ya biyo ta a baya, kamar mai bin bashi mai kunya,
sai jita ta faɗo musu babu sallama.
Na ƙirga bugun ganga da yatsa a gwiwa:
ɗaya, biyu, har bakwai, sai a koma farko.
Ina na takwas?
Mai gangar ya soke shi a aljihu,
ya bar ƙafata a sama tana laluben matakala.
A minti na sha huɗu kowa ya kama gabansa,
na ce shi ke nan, kasuwa ta watse,
ashe zagaye suka yi ta bayan Kufena
su haɗu a bakin sarewar nan ta farko.
Na rubuta a bayan rasit: wannan ne na ɗaya.

Iliya bai yarda ba.
Nasa gwanin yana ɗaya fuskar,
mai jita mai kauri da ke gurnani daga ƙasa
kamar Galma ta cika a watan Agusta.
Muka yi ta ja har shayi ya huce.
Na ba shi na biyu, don allurar tasa ce.

Akwai wanda mai ganga ya yi shi kaɗai,
lugude babu hatsi a turmi.
Gwaninta ce, ban musa ba,
amma gwanintar da ke kallon kanta a madubi.
Na uku, da ƙyar.

Na ƙarshe ko minti uku bai cika ba.
Jita ɗaya, murya ɗaya mai rawa,
Turancin ma rabi muke tsinta,
ga ƙara kamar ana suyar ƙosai a bayan mawaƙin.
Na ce wannan cikon benci ne,
na sa shi a wutsiya na ja layi.

Iliya ya ɗaga faifan ya kara da fitila.
"Duba nan," in ji shi.
Ko'ina baƙi ne wul yana sheƙi,
ban da zoben ƙarshe, ya yi furfura.
"Allura ta yi noma a wannan kunya,
ba damina ɗaya ba, ba goma ba."

Da daddare na tambayi Inna Laraba a Tudun Wada.
Ba ta ɗago daga tsintar shinkafa ba.
"Wannan mai kukan? Tun da reluwe ta sallame shi
kullum bayan isha'i sai ya sa.
Ban taɓa tambayarsa me ake faɗa ba."

Rasit ɗin yana aljihuna har yau.
Ban goge komai ba, kunnena bai yi ƙarya ba:
na ɗaya na ɗaya ne.
Sai dai in na je shagon Iliya da yamma,
ya ce, "Wanne za a sa?"
nakan yi shiru,
shi kuma ya kai allura can kusa da tsakiya,
inda furfurar take.