Sakinatu Mai Inji

Sunana Sakinatu, amma ku tambaya a Bagalam,
za a ce: ai mai injin niƙa,
wadda sai an yi kururuwa take jin sallama.
Tun hantsi ƙwarya na bin ƙwarya,
gero, dawa, jiƙaƙƙen wake,
gari a girata, gari a bakin zanena,
kunnena na amo har cikin sujada.

Shekara shida mushe na kiran sunan a lakwal,
bai taɓa tambayar abin da ke cikinsa ba.
Ni ma haka.
Wa ke tambayar tsohon zanensa wa ya saƙa shi?

Kakana Malam Zabeiru ne ya raɗa mini.
Sai da gani ya fara gudunsa na je da fura,
na ce, Baba, kun yi ɓatan kai,
kun ba mai ƙiriniya sunan zama.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi,
ya share ƙasa da tafin hannu,
ya zana baƙi uku da yatsa:
sin, kaf lasan, nun.

Ya ce, saiwa ce wannan, jika, ta yi rassa.
Daga nan Larabawa suka ciro sunan mazauni,
inda mutum ke sauke kaya ya tuɓe takalmi.
Daga nan ɗauri, ɗan zoben nan bisa harafi
mai ce wa harshe tsaya.
Daga nan miskini, wanda rashi ya zaunar.
Har sukunin da kike cewa ba ki da shi,
cikinku ɗaya.

Na ce, to ai shiru ke nan.
Ya ce, a'a, shiru ko fasasshen tulu yana da shi.
Tuna kogon nan, Manzon Allah da abokinsa,
sawun masu nema a bakin dutse,
can Ubangiji ya saukar da ita.
Lura da kalmar: saukarwa.
Ba a shuka ta, ba a awonta a tiya.

Daren zuwanki gulbi ya haura gaɓa,
ubanki na hayi, babu hanyar dawowa,
uwarki kwana biyu bisa gwiwa.
Ina kan buzu, carbi na rawa a hannuna,
sai wani abu ya zauna mini a ƙirji
kamar an aje tulu bisa gammo.
Kafin kukanki ya zo, jika.
Kafin, ba bayan ba.

Malam bai ga kakar wannan shekara ba.

Bara wuta ta ɗauke kwana uku,
inji ya yi tsit, har kukan kurciya na ji,
amma zuciyata niƙa take,
tana ƙirga jikkar haya da bashin mai gero.
Na ce, Baba, ka yi gaskiya, ba ita ce wannan ba.

Sai ran da zazzaɓi ya kwantar da Nafi'u.
Asibiti cike, wata na kuka bayan labule,
kabu-kabu na tsaga titi,
ledar ƙarin ruwa na ɗiga, ina ƙirgawa.
Likita bai ce komai ba,
jikin yaron bai yi sanyi ba,
ladan ma bai farka ba,
ta zo.
Ba sallama, ba dalili,
ta zauna tsakanin haƙarƙarina.
Na gane ta.
Na ce, sannu da zuwa, takwara.

Yau inji na ruri kamar kullum,
wata yarinya da ƙwaryar dawa
ta kira sunana har sau uku.
Na ji tun na farko.
So nake ta sake faɗa.