Sarki Ba Ya Gammo

Ran Talata na dawo Kaduna
da tambarin ƙasa biyu a fasfo,
da hotuna ɗari huɗu a cikin waya.
Kwana goma sha ɗaya muka yi a motar haya,
ni da Sagir da wani direba mai gashin baki
da bai iya Hausa ba sai "sannu",
ita ma mu muka ba shi aro.

Daren Laraba aka ɗauke wuta a Tudun Nupawa.
Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida,
Kawu Jatau ya matso
da tabaransa mai ƙafa ɗaya da zare.

Ga ganuwar, Kawu, a ƙoƙon tsauni take,
giwa biyu za su jera su shige ƙofarta.
Ga tagar da ake zubo wa maƙiya tafasasshen mai.
Ga masaukinmu, fadar wani sarki ce a da,
kwana ɗaya kuɗin buhun masara shida.
An ce gadon da na kwanta ya girmi kakanka.

Bai tanka ba.
Ya sa yatsu biyu da siminti ya cinye wa zane,
ya yi ta buɗa hoton
har fuskata ta fice daga gilashin,
saura dutse bisa dutse
da siririn layin da ke tsakaninsu.

"Da me suka kwaɓa?"
Na ce ban tambaya ba.
"Ruwa fa? Ban ga rijiya a kan tsaunin nan ba."
Na ce ban lura ba.
"To wa ya ɗauko dutsen?"
Na ce ɗan jagora ya faɗi sunan sarkin,
da shekarar, da yaƙin, da sunan dokinsa ma.

Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
Ya ce, "Sarki ba ya gammo."

Da asuba ya buga min ƙofa da sanda.
"Tada motar nan taka mai tari."
Muka ƙetare gada, kogi ya yi jawur da ruwan daren jiya,
masu kwasar yashi har sun shiga zuwa ƙugu.
Bai ce dama ba, bai ce hagu ba,
da haɓa yake nuna hanya
har muka tsaya a Kakuri,
gindin katangar wata masaƙa da ta daɗe da yin shiru.

Babu mai yankar tikiti,
babu allo mai harshe uku,
sai ƙadangare da tafasa da ta kai gwiwa.
"Daga kusurwar can zuwa bishiyar nan,
ni ne da Bulus mutumin Kagoro.
Shi ke miƙo bulo, ni ke ɗorawa.
A daminar nan aka haifi uwarka."
Ya durƙusa da ƙyar, ya yaye ciyawa.
Can ƙasa, inda ruwa ke bi,
sawun babban yatsa guda biyu a siminti,
ɗaya ya fi ɗaya faɗi.
"Mai faɗin nasa ne. Allah ya kai rahama, ya iya cin tuwo."

Maigadi ya leƙo ta ƙofar ƙarfe:
"Baba, lafiya? Me kuke nema?"
Kawu ya bubbuga katangar da tafin hannu
kamar mai taya saniya a kara.
"Aikina nake dubawa, yaro. Bai tsage ba."

Na ɗaga waya.
Ta ce wuri ya cika.
Na nemo hoton da na miƙe ƙafa a gadon sarki,
na dube shi sau ɗaya,
na goge.